Shawara ga Ɗalibai Masu Zuwa Koyarwa a Kumasi

Ya ku ɗaliban da kuka ƙudura niyyar zuwa Kumasi ta ƙasar Gana don karantar da yaran Zango a dogon hutu fisabilillahi, tun da yake tafiya ce ke tona halin mutum, ya kamata ku haɗu kafin ranar tashi, ku ci tuwo a akushi ɗaya, kowa ya bayyana fannin da ya ƙware da abin da ke saurin fusata shi. Sa'an nan ku naɗa shugaban tafiya kamar yadda Sunna ta koyar, ku damƙa guzuri hannun amintacce. Kada a manta gidan sauro da katin rigakafin cutar shawara, gama ana neman katin a bakin iyaka. Allah ya kai ku lafiya.