Darasin Wannan Wata: Tukunyar Mutum Biyu



Mu da muke zama a teburin kariya muna fassara tsakanin jami'ai da masu kawo koke, akwai wata magana da muka sha ji. Wata dattijuwa mai riƙon jikanta ɗan shekara biyar ta faɗe ta a fili. Jami'a ta tambaye ta ko rabon abinci yana zuwa hannunta, ta ce yana zuwa. Aka ce to me ya ramar da yaron haka? Ta yi shiru, can ta ce: "Ɗiyata, a gida mutum goma sha huɗu tukunyata ke ciyarwa. Yanzu in na tsuguna zan hura wuta don ni da wannan yaro, sai hannuna ya mutu." Kullum sai ta jiƙa masa gari da sukari su kwanta.

Tun daga 2019 da aka fara tsallakowa daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, gidaje da yawa sun koma mutum biyu: uwa da ɗanta, kaka da jika, tsoho da tsohuwarsa, wa da ƙane. Dukanmu mun tashi a gidan yawa, girkin yawa muka iya. Na mutum biyu sai an koya. Wannan darasi naku ne.

Me ya sa muke son girki mai sauri

Dalili na farko itace ne. Duk tukunyar da ta daɗe a wuta tana cinye itace, itace kuwa in ya ƙare mata da yara ake turawa daji. Mun fassara labaran abin da ke samun wasu a can, ba ma fatan a ƙara. Ɗaurin itacen da ya kai kwana shida maimakon uku ya rage rabin zuwa daji.

Dalili na biyu rubewa ne. Wanda ya dafa da yawa don kada ya sake hura wuta yakan ajiye saura cikin zafi. Masana lafiya sun yi gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka nan. Daga nan ƙwayoyin cuta ke fara yaɗuwa, ƙarshenta gudawa, gudawa kuma ita ke kayar da ƙaramin yaro. A dafa daidai ciki biyu, a cinye da zafinsa.

Abu uku a kwano ɗaya

Ƙoshi daban, gina jiki daban. Yaro na iya cika cikinsa da tuwo kullum amma yana ramewa. Kafin ki ɗora tukunya, duba ko kin haɗa waɗannan:

1. Mai ba da ƙarfi: gero, dawa, masara, shinkafa, garin rogo, dankali, da ɗan mai.
2. Mai gina jiki: wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, daddawa, nono, ƙwai, busasshen kifi, fara.
3. Mai kare jiki daga cuta: zogale, rama, yakuwa, tafasa, lalo, kuka, kuɓewa, kabewa, tumatir, lemun tsami.

Nama in an samu madalla, in babu wake da hatsi a kwano ɗaya suna cike gurbin juna. Ma'auninmu a nan ƙaramin gwangwanin madara ne da cokalin cin abinci.

Girki na ɗaya: wake da shinkafa da ganye

Da dare ki jiƙa wake gwangwani 1. Wannan jiƙon shi ne sirrin, domin jiƙaƙƙen wake yana nuna cikin kamar minti 30, busasshe kuwa yakan kai awa guda ko fiye. Da safe ki zubar da ruwan, ki zuba sabo, ki ɗora ki rufe. In ya yi minti 15 yana tafasa, ki zuba wankakkiyar shinkafa gwangwani 1 da rabi. In ruwa ya kusa tsotsewa, ki watsa zogale cikin hannu biyu a sama, ki mayar da murfi na minti 10. Ki sauke, ki sa mai cokali 2, yaji, albasa da tumatir.

Girki na biyu: kwaɗon zogale

A nan Nijar kopto ake ce masa. Ki tsince zogale ko rama, ki wanke da ruwa mai tsabta, ki dafa minti 10 zuwa 15 da ruwa kaɗan. Yawan ruwa da daɗewa a wuta suna kwashe amfanin ganye. Ki daka ƙuli-ƙuli cikin hannu ɗaya, ki yanka albasa da tumatir, ki cakuɗa da mai cokali 1, ki matsa lemun tsami. In kin yayyafa wa garin rogo gwangwani 1 ruwa ya yi laushi, ki haɗa. Ya zama cikakken abincin rana, itacen da ya ci bai fi kara uku ba. Ɗan ruwan da ya rage a tukunya ki zuba a miyar dare.

Girki na uku: faten tsaki

Wannan ya dace da tsofaffi marasa haƙora da yaran da suka fara cin abinci. Ki tafasa ruwa gwangwani 6 da albasa, daddawa da dakakkiyar gyaɗa cokali 3. In akwai busasshen kifi ki cire ƙaya tsaf, ki marmasa a ciki. Ki zuba tsakin masara ko na dawa gwangwani 1 a hankali kina motsawa don kada ya yi gudaji. Bayan minti 20 ki sa yakuwa ko rama, ki ba shi minti 5, ki sauke.

Girki na huɗu: kunun safe

Garin gero cokali 6, markaɗaɗɗiyar gyaɗa cokali 2, ruwan tsamiya kaɗan. Minti 10 ya isa. In ɗaya daga cikinku yaro ne da ya wuce wata 6, a yi nasa da kauri yadda ba zai tsiyaye daga cokali ba, a sa masa rabin cokalin mai da ɗan garin zogalen da aka shanya a inuwa. Cikin yaro ƙarami ne, kunu mai ruwa-ruwa yana cika shi ba tare da ya ba shi komai ba. Jaririn da bai kai wata 6 ba nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata.

Dabarun rage itace

A rufe tukunya koyaushe, a ɗora dutse a kan murfin. A yi amfani da ƙaramar tukunya, domin babba wuta take sha a banza. A kewaye murhu da laka ko duwatsu ta ɓangaren da iska ke bugowa. A yanka komai a ajiye kusa kafin a kunna wuta.

Akwai kuma girkin lulluɓi. In shinkafa ta tafasa minti 5, ki sauke ba tare da kin buɗe ba, ki naɗe tukunyar da tsohon bargo ko zannuwa, ki sa cikin kwando ko kwali. Bayan minti 40 za ki tarar ta nuna da zafin da ta riƙe. Jiƙaƙƙen wake a tafasa shi minti 15, a lulluɓe awa 2. Kada leda ta taɓa tukunya mai zafi, a ajiye inda yara ba sa kaiwa. In an buɗe an tarar ya huce, a sake tafasawa kafin a ci.

A yi girki a waje ko inda hayaƙi ke fita, nesa da zana da tanti. A kashe wuta da ruwa ko ƙasa, musamman lokacin hunturu.

Kurakurai huɗu da muke yawan gani

Yawan kanwa. Tana sa wake laushi da wuri, amma tana lalata wasu sinadaran da jiki ke bukata. Wanda ya jiƙa wakensa ba ya bukatarta.

Yawan gishiri da dunƙulen magi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kamar ƙaramin cokalin shayi guda. Dunƙulen nan kansa gishiri ne mai yawa, rabi ya ishi tukunyar mutum biyu, daddawa ta ƙarasa. Masu hawan jini su fi kowa kula. Gishirin rabo mai sinadarin aidin a ajiye shi a rufe, a sa shi dab da saukewa.

Shan shayi a kan abinci. Shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarin jini da ke cikin wake da ganye. A bari a yi awa guda bayan ci. Lemun tsami da tumatir kuwa taimakawa suke yi. Masu juna biyu su riƙe wannan.

Raba abincin tamowa. Ƙullin gyaɗar nan da asibiti ke bayarwa magani ne na yaron da aka auna. Ba a rabawa, ba a sayarwa.

Abin da za mu gwada wannan mako

Yau da dare kowa ya jiƙa wake. Gobe a ƙidaya karan da tukunya ta ci, a kwatanta da na jiya. Wanda ke da maƙwabciya mai gida irin nasa, su haɗa wuta: tukunya biyu a murhu ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Dattijuwar da muka ambata haka take yi yanzu da wata matashiya mai goyo. Ita ke tsince ganye, matashiyar ke hura wuta, su huɗu suke ci. Maza ma su koya, ba abin kunya ba ne uba ya dama wa ɗansa kunu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

In kun ga ƙafafun yaro duka biyu sun kumbura, ko ya ƙi abinci, ko ma'aunin damtse ya nuna ja, ku kai shi asibiti a ranar. In kun san yaron da ke riƙe da ƙanensa shi kaɗai, ko tsohon da ba ya iya hura wuta, ku sanar da teburin kariya. Duk taimakon abinci kyauta ne. Wanda ya nemi kuɗi ko wani abu daga jikinku kafin ya ba ku, ku zo ku faɗa mana. Da Hausa za a saurare ku, kuma za a rufa muku asiri.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya mayar da kowa gida cikin aminci.