Kuɗin Ƙungiyar Unguwa: Yadda Za Ka Ga Lissafi Ba Tare Da Rigima Ba

A Jega, Aliero da Maiyama, da wuya ka ga unguwar da ba a karo-karo: kuɗin 'yan sintiri, gyaran rijiyar burtsatse, yashe magudanar ruwa kafin damina. Tun da kuɗinka na ciki, kana da ikon ganin lissafi.

1. Kada ka biya ba rasit. Ko ɗari biyar ce, a rubuta sunanka da ranar da ka biya. In ta banki ka tura, ajiye saƙon alat, don wata rana shi ne shaidarka.

2. Nemi littafin ma'aji a gaban taro. In ka tare shi a ƙofar gida, zai ɗauka zarginsa kake. A taro kuwa sai ka ce, "Malam ma'aji, a karanta mana shiga da fita." Ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi take, don haka neman rubutu ba cin fuska ba ne.

3. Ka san ko ƙungiyar na da rajista. Wadda ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni (CAC) a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, dole ta ajiye bayanan kuɗi, ta kuma riƙa miƙa rahoto duk shekara. Yawancin namu ba su da ita, to ku rubuta a tsarin ƙungiya cewa kowane mamba na iya duba littafi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ba za ta taimake ka a nan ba, domin hukumomin gwamnati aka yi ta.

4. Hannu biyu a asusu. A buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum biyu su riƙa sa hannu kafin a cire kuɗi, kada kuɗin jama'a ya kwana a na mutum ɗaya, ko da liman ne.

5. Masu gidan haya, ku sa ido. Wanda ke da ɗakunan ɗalibai kusa da jami'ar Aliero amma yana zaune a Birnin Kebbi, ya naɗa wakili. A riƙa turo masa hoton shafin lissafi ta WhatsApp.

6. In an hana ka gani, je wurin mai unguwa. Tafi da mutum biyu masu biyan kuɗi da rasit ɗinku. In abin ya gagara, sai hakimi, amma kada ka daina biya kafin nan, don kada a ce kai ba mamba ba ne.