Cingam da Minti ga Mai Ciwon Suga

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Darna Sabon Gari, ina da ciwon suga. Kullum ina tsotsar minti ko taunar cingam a hanyar Illela zuwa Ƙonni. Suna tada suga?

Amsa: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Cingam mai sukari guda ɗaya bai cika wuce giram 2 na sukari ba, ba abin tashin hankali ba ne. Minti irin TomTom shi ne abin lura, domin kusan zallar sukari ne, sanyin da yake sa wa maƙogwaro kawai ke ruɗar mutane su ɗauka magani ne. Wanda ya tsotsi goma daga safe zuwa la'asar ranar Lahadi a kasuwar Illela ya sha sukari ba kaɗan ba.

Cingam marar sukari, irin Orbit, da sorbitol ko xylitol ake zaƙaƙa shi, kuma da ƙyar yake motsa sugan jini. Sai dai yawansa na sa kumburin ciki da zawo.

Amma kada ka zubar da mintin. In kana allurar insulin ko shan glibenclamide, ka ji rawar jiki da zufa, ko awo ya nuna ƙasa da 70, tauna minti guda huɗu nan take, ka sake awo bayan mintuna 15. Cingam marar sukari ba ya ceto a nan.