Allon Karatu Na Lantarki: Abin Da Mai Saye Zai Duba

Jawabin kimiyya na yau ya shafi wata 'yar na'ura wadda ba ta fi tafin hannu biyu faɗi ba, amma ta kan ɗauki littattafai dubbai a cikinta. Ana iya kiranta allon karatu na lantarki, gama aikinta ya yi kama da na allon almajiri: a rubuta, a karanta, a wanke, a sāke rubuta wani.

Masu yawan karatu su ne suka fi bukatarta, musamman waɗanda ke zaman baƙunci. Hausawa sun daɗe da zama a unguwannin kudancin Jidda, irin su Kurayyat da Gulail da Karantina, kuma a cikinsu akwai malamai da ɗalibai da mata masu son littattafan hikaya. Daga farkon shekarar 1443 ta Hijira, watau tun ƙarshen 2021, hukuma ta shiga rushe tsofaffin unguwanni a wannan sashe na birnin, iyalai da yawa suka tashi suka nemi wani wurin zama. Duk wanda ya taɓa yin ƙaura da akwatunan littattafai ya san nauyinsu. Haka kuma mai komawa Kano ta jirgin sama, galibi kilo 23 a ke yarje masa a kowace jaka. Allon karatu kuwa nauyinsa giram 150 ne zuwa 250. To, amma iri-iri ne a kasuwa, kuma wanda ya saya da ka ya kan yi asarar kuɗinsa, wani lokaci har da littattafansa. Saboda haka ya kamata a fara sanin yadda abin ya ke aiki.

Fuskar wayar hannu fitila ce, haske ta ke harbowa cikin idon mai kallo. Fuskar allon karatu kuwa tawada ce ta gaske. A ƙarƙashin gilashinsa akwai miliyoyin 'yan ƙananan ƙwayoyi, kowace kaurinta kamar na silin gashi. A cikin kowace ƙwaya akwai ruwa garau, da garin launi iri biyu, fari da baƙi, kowane da irin cajin lantarkinsa, na ɗaya kishiyar na ɗayan. Idan aka saki lantarki a ƙarƙashin ƙwayar, sai ya jawo iri ɗaya ƙasa, ya tura ɗayan sama. Inda baƙi ya taso sai a ga harafi, inda fari ya taso sai a ga takarda. Abin mamaki shi ne, da zarar garin ya zauna ba ya motsi ko da an yanke lantarkin. Watau allon ba ya cin wuta sosai sai lokacin juya shafi. Kuma tun da ya ke hasken waje ne ke dūkan rubutun ya dawo ido, kamar dai takarda, ana iya karanta shi tsakar rana, inda fuskar waya ta kan dushe.

Wani masani mai suna Nick Sheridon ne ya fara gwada irin wannan takarda a kamfanin Xerox na Amurka, cikin shekarun 1970. Amma tawadar da a ke amfani da ita yanzu an ƙirƙiro ta ne a jami'ar MIT, a hannun Joseph Jacobson da ɗalibansa, waɗanda suka kafa kamfanin E Ink a 1997. Kamfanin Sony ya fitar da allo na farko mai wannan tawada a ƙasar Japan a 2004, Amazon ya biyo baya da Kindle a watan Nuwamba na 2007, sa'an nan Kobo na ƙasar Kanada a 2010. Akwai kuma PocketBook, da Boox na ƙasar Sin. Abin lura a nan shi ne, kusan dukansu wurin E Ink su ke sayen fuskar allon. Don haka bambancin da ke tsakaninsu wajen kyan rubutu kaɗan ne. Babban bambancin yana wajen irin littattafan da kowane ya ke karɓa, da wurin da a ke samo su.

Tambaya ta farko da mai saye zai yi wa kansa ita ce: waɗanne littattafai ya ke karantawa? Littattafan lantarki kashi biyu ne. Kashi na farko, wanda a ke kira EPUB, rubutunsa kamar ruwa ya ke, ya kan bi siffar mazubinsa. Idan aka ƙara girman haruffa, sai layuka su sāke jeruwa da kansu. Irin wannan ya dace da ƙaramin allo mai inci 6 ko 7. Kashi na biyu shi ne PDF, wanda shafinsa a daskare ya ke, musamman idan hoton tsohon littafi aka ɗauka. Yawancin littattafan fikihu da tafsiri da nahawu da ɗalibai ke samu a intanet irin wannan ne, ga matani a tsakiya, ga sharhi da ƙananan haruffa a gefe. In aka matse irin wannan shafi a allo mai inci 6, haruffan su kan koma kamar tururuwa, mai karatu ya yi ta jan shafi dama da hagu har ya gaji. Wanda karatunsa ya fi yawa a irin waɗannan littattafai, allo mai inci 10 ya dace da shi, ko da ya ke ya fi tsada ya kuma fi nauyi.

Tambaya ta biyu ta shafi harshe. Hausar boko tana da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, kuma ba kowane salon haruffa da ke cikin na'ura ya ke da su ba. Inda babu su, sai mai karatu ya ga ɗan akwati a gurbin harafin, ko kuwa harafin ya fito da siffa dabam da 'yan'uwansa. Maganin wannan yana da sauƙi, gama yawancin alluna su kan yarda a zuba musu sabon salo ta kwamfuta, Kindle ma ya yarda da haka tun 2018. Akwai salo irin su Charis da Gentium da Andika, waɗanda ƙungiyar SIL ta ke bayarwa kyauta, suna ɗauke da haruffan Hausa duka. Larabci kuwa ya fi wuya, domin daga dama ya ke tafiya, haruffansa suna haɗuwa, ga kuma wasulla a sama da ƙasa. Amazon ya fara sayar da littattafan Larabci na Kindle a 2018, da littattafai fiye da 12,000. Sauran alluna sun bambanta wajen iya jera Larabci. Dabara ita ce, mai saye ya tafi kanti da littafi ɗaya na Hausa da ɗaya na Larabci mai wasulla, ya roƙi a buɗe masa su a kan allon kafin ya biya.

Tambaya ta uku ita ce mafi nauyi: littafin da aka saya, na wane ne? Yawancin littattafan da manyan kamfanoni ke sayarwa a kulle su ke da wani makulli na lantarki. Littafi mai makulli da aka saya a kantin Amazon ba ya buɗuwa a allon Kobo, na Kobo mai makulli kuma ba ya buɗuwa a Kindle. Bisa ƙa'idar ciniki, izinin karatu mutum ya saya, littafin bai zama dukiyarsa ba. An ga misalin haka a watan Yuli na 2009, sa'ad da Amazon ya goge littafin George Orwell mai suna 1984 daga allunan mutanen da suka riga suka saya, saboda rigimar haƙƙin mallaka, ya mayar musu da kuɗinsu, daga baya shugaban kamfanin ya nemi gafara. A 2019 kamfanin Microsoft ya rufe kantinsa na littattafai, waɗanda mutane suka saya duk suka daina buɗuwa, aka biya su kuɗinsu. A watan Fabrairu na 2025 kuma Amazon ya hana masu saye sauko da littattafansu cikin kwamfuta don ajiya. Mutumin da ke sayen littafi biyu a wata, cikin shekara biyar ya tara 120, kuɗinsu kuwa ya ninka na allon sau da yawa. Ashe zaɓen allo zaɓen kanti ne, kuma fita daga kantin daga baya tana da tsada.

Duk da haka akwai littattafai masu yawa marasa makulli. Shirin Gutenberg, wanda Michael Hart ya fara a 1971, yana da tsofaffin littattafai fiye da 70,000 kyauta, galibinsu da Turanci. Mu'assasar Hindawi ita ma tana ba da littattafan Larabci kyauta. Kobo da PocketBook su kan buɗe EPUB kai tsaye idan aka zuba shi ta kwamfuta. Kindle kuwa tun 2022 ya ke karɓarsa, amma sai an aika ta hanyar Amazon ya juya shi. Boox yana aiki da Android kamar waya, saboda haka ana iya sa masa manhajar kantuna dabam-dabam, har da ta Jarir, babban kantin littattafai na Saudiyya. Sai dai batirinsa bai kai na sauran jimiri ba, kuma sarrafa shi yana bukatar ɗan sabo.

Tambaya ta huɗu ta shafi ido da barci. Kyan rubutu ana auna shi da yawan ɗigo a inci guda, kuma ɗigo 300 ya isa ya sa harafi ya fito sumul kamar bugun injin ɗab'i. Tun wajen 2012 alluna suka fara zuwa da 'yan fitilu a gefensu, masu watsa haske a kan shafin domin karatun dare. A 2014 masana a asibitin Brigham da ke Boston suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 12. Suka sa su karatu awa huɗu kafin kwanciya, dare biyar a kan iPad, dare biyar a takarda. Suka tarar a dararen iPad barci ya kan yi jinkiri da kamar minti 10, kuma sinadarin melatonin, wanda ke kiran barci, ya ragu a jikinsu. Gwajin ƙarami ne, kuma da haske mai ƙarfi aka yi shi, amma darasinsa a fili ya ke: mai karatun dare ya rage fitila, ya kuma nemi allon da a ke iya mayar da haskensa ruwan ɗorawa. Alluna masu launi, irin waɗanda Kobo da Amazon suka fitar a 2024, tacin launi aka shimfiɗa a kan tawadar, wanda ya kan rage hasken shafi, hoton launi kuma ɗigo 150 kawai ya ke samu. Mai karanta zallar rubutu ba ya bukatarsu.

Tambaya ta biyar ita ce batir da yanayin gari. Kamfani ya kan ce caji ɗaya zai kai mako shida, amma da lissafin rabin awa a rana ya faɗi haka. Mako shida kwana 42 ne, rabinsu awa 21. Mai karatun awa uku kullum zai cinye su cikin mako guda. Wannan ma ba laifi, in an gwada da waya, amma gara mutum ya san gaskiyar lissafin. Zafi shi ne babban abokin gāban batir. Amazon ya ƙayyade a yi aiki da Kindle tsakanin digiri 0 da 35, ga shi kuwa zafin Jidda ya kan haura 40 da bazara, har ya taɓa kai 52 a watan Yuni na 2010. Allon da aka bari cikin mota a rana batirinsa zai lalace da wuri. Alamar IPX8 da a ke gani a jikin waɗansu tana nufin za su jure nutso a ruwan daɗi, galibi zurfin mita biyu har awa guda. Ba ta shafi ruwan gishiri na Bahar Maliya ba. Har wa yau fuskar yawancinsu a kan siririn gilashi ta ke, in ta tsage kuwa gyaranta ya kan yi kusa da kuɗin sabo. Sayen riga mai tauri domin allon ba ɓarnar kuɗi ba ne.

Saura maganar farashi. A 2024 ƙaramin Kindle dala 110 ne a Amurka, Paperwhite kuma dala 160. Da ya ke dala ɗaya riyal 3.75 ce, sun kama wajen riyal 410 da riyal 600, ban da kuɗin dako da harajin saye na kashi 15 cikin ɗari da a ke karɓa a Saudiyya tun 2020. Manyan alluna masu inci 10 su kan ninka wannan sau biyu ko fi. Kada yawan ma'aji ya ruɗi mai saye: littafin hikaya guda bai cika wuce megabait biyu ba, saboda haka gigabait 16 zai ɗauki dubbai. Mai tara hotunan manyan littattafai ne kaɗai ke bukatar fiye da haka.

A taƙaice, mai karanta hikayoyi da Turanci ko Larabci, wanda bai damu da zama da kanti ɗaya ba, Kindle mai inci 6 ko 7 ya ishe shi. Mai tara littattafai daga wurare dabam-dabam, wanda ya ke son ajiye su a hannunsa, ya duba Kobo ko PocketBook. Ɗalibin ilmi mai fama da hotunan littattafan sharhi ya tara kuɗi ya sayi babba. Kowane ya zaɓa, ya riƙa ajiye kwafin littattafansa marasa makulli a wani wuri dabam, gama Hausawa sun ce da tsohuwar zuma a ke magani, kuma na'ura ta kan tsufa cikin 'yan shekaru, littafi kuwa ya kan kai ga jikoki.

Nan jawabin kimiyya na wannan mako ya ƙare.