Gadon Asimov: Marubuta Uku da Lissafin da Ya Tsufa

Ranar 6 ga Afrilu, 1992, Isaac Asimov ya rasu a birnin Niyok na ƙasar Amurka yana da shekara 72 da haihuwa. Malami ne na kimiyyar sinadaran jikin masu rai a Jami'ar Bostan, amma duniya ta fi saninsa da alƙalami, domin littattafan da ya rubuta ko ya tace sun kai kimanin 500. Daga cikinsu babu wanda ya yi tashe kamar jerin ƙagaggun labaran kimiyya da ake kira Foundation, watau Mu'assasa, kuma har ya bar duniya bai kai labarin ƙarshe ba. Bayan rasuwarsa sai masu kula da gadonsa, ciki har da matarsa Janet, suka nemi waɗansu marubuta su ɗora daga inda ya tsaya. Wannan darasi zai duba matsalar da magadan suka tarar, wadda ta fi ta salo ko ta harshe nauyi: kimiyyar da aka gina labarin a kanta a 1942 ba ita ce kimiyyar 1997 ba.

Ɗora hannu a kan aikin magabaci ba baƙon abu ba ne ga manazarcin adabin Hausa. Mai tahmisi yakan ɗauki waƙar wani malami ya ƙara wa kowane baiti layuka uku, bisa sharaɗin kada ya karya karin waƙar ko amsa-amonta. Irin wannan sharaɗi ne ya hau kan magadan Asimov, sai dai su karin da aka bar musu lissafi ne.

Tushen Labarin

A watan Agusta na 1941, Asimov yana ɗan shekara 21, ya kai wa John W. Campbell, editan mujallar Astounding Science Fiction, shawarar wani labari da ya samo daga littafin Edward Gibbon a kan faɗuwar daular Rum. Ya ɗauke daular daga doron ƙasa ya shimfiɗa ta a kan gungun taurarinmu baki ɗaya: duniyoyi miliyan 25 masu mutane, da babban birni mai suna Trantor wanda ya mamaye duniya guda da mutum biliyan 40. Labaran sun fito a mujallar daga 1942 zuwa 1950, aka tara su littattafai uku a 1951 da 1952 da 1953, sa'an nan a 1966 aka ba su lambar yabo ta Hugo a matsayin jerin da ya fi kowanne.

Jigon labarin shi ne wani masanin lissafi, Hari Seldon, ya ƙirƙiro ilmin da za a iya kira lissafin tarihi, wanda ke hasashen makomar al'umma da alƙaluma. Lissafin ya nuna masa daular za ta rushe, duhun jahilci na shekara 30,000 ya biyo baya. Hana rushewar ya gagara, amma ana iya rage duhun zuwa shekara 1,000. Don haka ya kafa Mu'assasa a wata duniya ta can gefe mai suna Terminus, da sunan za a tattara babban kundin ilmi.

Lissafin Iska da Lissafin Mutane

Asimov bai ɓoye inda ya aro wannan tunani ba. Ya same shi daga ka'idar motsin ƙwayoyin iska, wadda James Clerk Maxwell da Ludwig Boltzmann suka gina a ƙarni na 19. A cikin ɗan gurbin iska da bai wuce santimita ɗaya ta kowace fuska ba akwai ƙwayoyi da yawansu ya kai 25 da sifiri 18 a bayansa, suna gudun kimanin mita 500 a daƙiƙa, suna karo da juna ba tsari. Babu mai iya faɗin inda ƙwaya guda za ta nufa. Duk da haka, idan aka zafafa iskar da ke cikin tayar mota, ana iya lissafa daidai yadda matsinta zai ƙaru, domin kauce-kaucen ƙwayoyin suna kashe juna.

Mai karatu zai iya gwada wannan da kwabo, irin yadda alƙalin wasan ƙwallo ke jefa shi kafin a take. In aka jefa sau 100, ana sa ran fuska ta fito sau 50, kuma kaucewar da aka saba gani ita ce kimanin 5 sama ko ƙasa, watau kashi 5 cikin ɗari. In aka jefa sau 10,000, kaucewar takan zama kimanin 50, rabin kashi ɗaya cikin ɗari ke nan. A jifa miliyan ɗaya kuwa kimanin 500 ce, abin da bai taka kara ya karya ba. Gwargwadon yawan jifa, gwargwadon ƙarfin hasashe. Seldon ya ɗauki 'yan Adam tamkar waɗannan kwabbai, ya kuma gindaya sharuɗɗa biyu: jama'ar ta kasance mai ɗimbin yawa, kuma kada ta san abin da aka hasasa a kanta.

Sharaɗi na biyu shi ne inda gizo ke saƙa. Kwabo ba ya kallon ɗan'uwansa kafin ya faɗi, amma mutum yana kallon maƙwabcinsa. Jita-jitar ƙarancin man fetur kaɗai ta isa ta tara layi a gidan mai, layin kuma ya haifar da ƙarancin da ake tsoro. Asimov ya san da wannan rauni. Tun a 1945 ya shigo da wani mutum guda da ake wa laƙabi da Alfadari, mai ikon juya zukatan mutane, wanda shi kaɗai ya karkatar da shirin Seldon daga turbarsa.

Abin da bai sani ba a lokacin shi ne ba a bukatar wani Alfadari kafin hasashe ya watse. A 1961 Edward Lorenz, masanin yanayi a cibiyar fasaha ta MIT, yana maimaita wani lissafin yanayi a kwamfuta, sai ya shigar da 0.506 a maimakon 0.506127 don ya rage aiki. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba, amma ba a yi nisa ba sai sakamakon biyu suka rabu kamar ba daga tushe ɗaya suka fito ba. Ya buga bincikensa a 1963, daga nan ka'idar hargitsi ta zamani ta samo asali: akwai tsare-tsaren da ƙaramin kuskure a farkonsu yake ninkuwa, yawan ƙwayoyi kuma ba ya maganinsa. Wannan ne dalilin da ya sa hasashen yanayi na yau da gobe ba ya wuce kimanin mako biyu da inganci. To, in iska kanta, wadda aka aro misalin daga gare ta, ta ƙi hasashen wata guda, ina ga tarihin shekara dubu?

Da Asimov ya koma kan labarin a 1982, bayan hutun shekara 30 da 'yan kai, ya tura shi gaba da littattafai biyu har zuwa kusan shekara ta 500 ta shirin Seldon. Daga nan sai ya juya baya, ya rubuta Prelude to Foundation a 1988 da Forward the Foundation wanda ya fito a 1993, duka a kan rayuwar Seldon. A na farkonsu an ga saurayi Seldon yana nanata cewa iliminsa mai yiwuwa ne a takarda, amma ba ya aikatuwa.

Magada Uku

Gregory Benford, wanda a lokacin farfesan fiziks ne a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, shi ya fara da Foundation's Fear a 1997. Greg Bear, wanda ya rasu a 2022, ya biyo da Foundation and Chaos a 1998. David Brin, mai digirin digirgir a kimiyyar sararin samaniya, ya rufe da Foundation's Triumph a 1999.

Benford ya shigo gidan da niyyar gyara. Jiragen Asimov tsalle suke yi daga tauraro zuwa tauraro ba tare da wani bayani mai gamsarwa ba, shi kuwa ya sauya su da ɓarauniyar hanya ta sararin samaniya, irin wadda lissafin Einstein ya yarda da yiwuwarta. Ya cika Trantor da kwamfuta, har ya rayar da Voltaire da Joan ta Arc a cikinta suna muhawara a kan hankali da imani, ya kuma sa Seldon ya shiga jikin biri don ya nazarci tushen halin ɗan Adam. Ta fuskar kimiyya ya fi Asimov zama na zamani. Amma da yawa daga masu karatu sun ga ya rushe ɗakin da aka ce ya yi wa yaɓe, kuma ƙorafinsu yana da hujja, domin littattafan asali sun zo bayan nasa a jerin lokaci, babu ɓarauniyar hanya a cikinsu, babu waɗannan na'urori. Wanda ke rubuta abin da ya gabata ba shi da ikon shigo da abin da zai ɓace gobe ba dalili.

Bear da Brin sun ɗauki wata hanya dabam. Sun koma ga salon Asimov na zance da muhawara, suka tunkari hargitsi kai tsaye. A hannunsu hargitsi ya zama kamar annoba: duk duniyar da ilmi da fasaha suka bunƙasa a cikinta da sauri, sai ta haukace ta rushe. Suka kuma ɗauki Daneel Olivaw, mutum-mutumin da Asimov ya ce ya yi shekara 20,000 yana kiwon 'yan Adam a ɓoye, suka ɗora masa alhakin danne wannan annoba. Daga cikin dabarunsa har da wani zazzaɓin ƙwaƙwalwa da ke kama yara masu kaifin basira ya rage musu son bincike.

A nan dole ɗalibin kimiyya ya yi hattara. Hargitsin Lorenz ba cuta ba ne, ba kuma hauka ba. Sifa ce ta lissafi, wadda ake samu ko a ɗigon ruwan famfo. Mayar da shi annoba dabara ce ta mai ba da labari. Sai dai dabarar ta fito da wata gaskiya da Asimov ya daɗe yana kewaya ta: lissafin tarihi ba zai yi aiki ba sai a kan jama'ar da aka riga aka ladabtar, aka rage mata tambaya da ƙirƙira har ta zama kamar ƙwayoyin iska. Seldon da aka sani a matsayin mai ceton ilmi sai ga shi yana cin moriyar danne ilmi. Wannan tambaya ta wuce ƙagaggen labari, musamman ga masu nazarin tattalin arziki da zamantakewa. Paul Krugman, wanda ya sami lambar Nobel ta tattalin arziki a 2008, ya sha faɗin cewa sha'awar zama irin Seldon ce ta kai shi ga fanninsa.

Brin ne ya nuna ƙwarewar mai tahmisi ta gaske. A littafinsa na 1986, Foundation and Earth, Asimov ya karkata ga cewa makomar 'yan Adam ita ce su narke su zama hankali guda mai suna Galaxia, abin da zai mayar da Mu'assasa aikin banza. Brin bai musa wannan ba. Ya lura da wani abu da ke gaban kowa tun 1951: surorin littafin farko suna buɗewa da guntayen bayanai daga babban kundin ilmin nan, bugu na 116, wanda aka ce an buga a shekara ta 1020 ta Mu'assasa. Sai ya sa tsoho Seldon ya yi wa Daneel ƙalubale cewa in har bayan shekara dubu ana buga kundi, to, akwai sauran mutane masu tunani dabam-dabam, domin hankali guda ba ya bukatar rubuta wa kansa littafi. Da hujjar da Asimov ya bari da hannunsa aka warware kullin da ya bari.

Duk da haka, su ukun a zamanin Seldon suka tsaya, babu wanda ya taɓa shekara 500 da suka rage na shirin. Wanda ya yi ƙarfin halin leƙawa can gaba shi ne Donald Kingsbury, tsohon malamin lissafi a Jami'ar McGill ta Kanada, a littafinsa Psychohistorical Crisis na 2001, inda ya nuna daula ta biyu a ƙarƙashin mulkin masu lissafin tarihi da ke ɓoye iliminsu daga talakawa. Littafin nasa ba ya cikin jerin da magada suka amince da shi, saboda haka duk sunayen da ke ciki sauya su ya yi.