Maganin da ke sa ƙwayar kansa ta kashe kanta

Tambaya: Mahaifina na fama da kansar jini. Na ji wai akwai maganin da ke sa ƙwayar cutar ta kashe kanta. Gaskiya ne?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Gaskiya ne. Kusan kowane nau'in ƙwayar jiki yana da mitokondiriya, murhun da ke ba ta ƙarfi. Idan ƙwaya ta lalace, bangon murhun nan yakan huje, sinadarin sitokurom c ya kwararo, ƙwayar ta rushe kanta. Wasu nau'o'in kansar jini sukan tara furotin BCL-2 mai hana wannan hujewa. Maganin venetoclax, wanda Amurka ta amince da shi a 2016, shi ke ɗaure BCL-2.

Sai dai ba kowace kansar jini yake wa aiki ba. An fi ba masu nau'o'in da ake kira CLL da AML. Yana kuma iya hallaka ƙwayoyi masu yawa lokaci guda har ƙoda ta jigata. Shi ya sa a CLL ake farawa da miligiram 20, a hau zuwa 400 cikin mako 5.

Don Allah kada ki saya a kemis, kada kuma Baba ya bar maganinsa. Ki tambayi likitan jini wane nau'i ne yake da shi.