Yaya Zan Yi Yarana Su Riƙa Barci Da Wuri?

Wata mai sauraronmu daga Tsohon Birnin Gwari ta aiko tana cewa yaranta ba sa barci sai dare ya raba, kuma suna yawan firgita.

To malama, a ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, yaro mai shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a rana, har da na azahar. Sirrin shi ne sabo. Ki tsayar da lokaci guda, misali bayan sallar isha'i, kullum abu ɗaya na bin ɗaya.

A ci tuwo tun magariba. Ki yi musu wanka da ruwan ɗumi, ki shafa musu mai, su yi fitsari, sannan ki sa su cikin gidan sauro, domin yankinku na daji ne, sauro ya yi yawa da damina. A ajiye waya, saboda haskenta na hana ido runtsawa. Ki rage fitila, ki yi musu tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi cikin sanyin murya, ku karanta Falaƙi da Nasi ku shafa.

Batun firgita kuwa, yaran da suka taso cikin tashin hankalin 'yan bindiga kan daɗe da tsoro. Kada manya su riƙa hirar hari a gabansu, kada kuma a tsorata su da dodo. Idan firgitar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ki kai su asibiti. Allah ya raya mana su.